Haƙorin Si Lazhar

Dalanda ce ta fara ganewa, kamar yadda takan fara gane komai a gidan. Suna cin abincin rana, kuskus da romon kifi, ta ga mijinta yana tura kowace loma ɓangaren hagu da harshe, yana taunawa a hankali kamar mai gudun kada a ji shi.

"Wanne ne yake ciwo?" ta tambaya, ba ta ko ɗago kai daga kwanonta ba.

"Wa ya ce miki wani abu yana ciwo?"

"Na dama ne, na can ciki. Tun ranar kasuwa nake kallonka. Kanumfarin da na saya ma ya ƙare, ni kuwa ban yi girki da shi ba."

Mijin nata Lazhar, wanda ake girmamawa da Si Lazhar, ya ajiye cokali, ya ɗauki gorar ruwansa ya kurɓa. Gorar nan ba ta rabuwa da shi tun da aka yi masa gashi da na'ura a asibiti, don bakinsa ya daina kawo yawu.

Kafin ciwon, duk wanda ya san kasuwar kifi ta Mahdiya ya san muryarsa. Shi ne mai kiran gwanjo. Jiragen ruwa su sauke akwatunan kifin sadin, ya hau kan benci ya ɗaga murya, dillalai su yi ta ɗaga yatsa. Ana cewa in Lazhar ya yi kira, matan da ke shanya a kan soro cikin tsohon gari ma suna ji. Sai wata shekara hancinsa ya toshe ya ƙi buɗewa, kunnen dama ya dinga ƙugi, wani kumburi ya fito a wuya. A asibitin garin Susa aka ce ciwon daji ne, can bayan hanci inda wuƙa ba ta kaiwa. Aka riƙa rufe masa fuska da wata roba mai raga, a kwantar da shi ƙarƙashin na'ura, kullum har makonni, wani haske da ido ba ya gani yana ƙone cutar. Cutar ta mutu. Amma ta tafi da yawun bakinsa, da gemun gefen dama, da rabin ɗanɗanon abinci, da muryar. An yanka rago, mutane sun zo barka, shi ma ya ɗauka an gama. Sanyi na uku ke nan da sallamarsa.

"Ka tuna abin da suka gaya mana," in ji Dalanda. "Ko haƙori ne ya yi girgiɗi, kada kowa ya taɓa shi sai su."

"Na tuna."

"To gobe sai Susa."

Ya dubi romon da ya rage a kwano, ya ji ba ya so.

Dakta Ulfa, likitar baki da muƙamuƙi, gajeriyar mace ce mai furfura a gaban goshi, kullum idonta kamar wadda ba ta ƙoshi da barci ba. Ta ce ya buɗe baki. Ya buɗe iyakar ƙoƙarinsa, yatsa biyu ne kawai za su shiga. Ta haska, ta ƙwanƙwasa, ta aika a ɗauko hoto, sannan ta zauna tana kallon hoton ta daɗe.

"Haƙorin ya mutu, Si Lazhar. Fita zai yi."

"Alhamdu lillahi. Ga ni ga ki, ga kujera. A cire."

"Ba yau ba."

"To gobe."

"Ba gobe ba kuma." Ta juyo da hoton gare shi, ta nuna da bayan biro. "Hasken da ya kashe cutar, ta nan ya bi. Ƙashin nan yana da ƙananan jijiyoyin jini da suke ciyar da shi, yawancinsu sun ƙone sun toshe. In na cire wa matarka haƙori, jini zai cika ramin, nama ya tofo, a manta. Kai in na cire naka yanzu, ramin yana iya zama a buɗe, ƙashin ya fara mutuwa daga nan. In ya yi nisa, yanke shi ake yi."

Dalanda ta gyara zama. Lazhar ya kurɓi ruwa.

"Akwai magani biyu da za ka fara sha," likitar ta ci gaba. "Ɗaya ƙwaya ce, tana taimakon jini ya kutsa 'yan hanyoyin da suka rage. Ɗayan bitamin E ne, kafso mai mai a ciki. Hasken nan yakan bar wata ɓarna a nama, tana ci gaba da ci a hankali ko bayan an kashe na'ura, kamar tsatsa a ƙarfen jirgi. Bitamin ɗin yana rage ta. Tare ake shan su. Za ka yi makonni kana sha kafin mu cire, ka yi watanni bayan mun cire."

"Watanni," in ji Lazhar.

"Ba zan ce maka tabbas ne ba. Na ga waɗanda ya yi wa amfani da yawa, na ga waɗanda bai yi wa ba. Shi ne abin da ke hannunmu."

"Dakta, ni na ɗauka na gama da ku."

"Kowa haka yake ɗauka," ta ce, tana rubutu. Ba da gatse ta faɗa ba.

A gida Dalanda ta wanke wani ƙaramin faranti mai zanen shuɗi, ta mayar da shi na magani. Safe da yamma za ta zuba farar ƙwaya da kafso mai ruwan zuma, ta kawo da kofin ruwa, ta tsaya a kansa har ya haɗiye. Haka ta yi lokacin gashin. Haka ta yi ta dama masa basisa, wato kunun garin gasasshiyar alkama, ruwa-ruwa lokacin da maƙogwaronsa ya zama gyambo, ta riƙe masa roba yana amai, ta wanke, ta dawo. 'Ya'yansu biyu suna can Italiya, sai waya. Yanzu ga farantin ya dawo, ga ta tsaye a kansa, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Ƙwayar ba ta yi masa daɗi ba. In ya sha sai fuskarsa ta ɗauki zafi, zuciyarsa ta tashi, in ya miƙe daga sujada sai masallacin ya juya da shi. Haƙorin kuwa bai san ana shirin fitar da shi ba. Yana zuga kamar ana buga ƙusa, daga muƙamuƙi ya hau kunne, daga kunne ya sauka wuya. Maganin kashe zafin da aka ba shi yakan yi aiki na ɗan lokaci, sannan ya sake shi.

Da hantsi yakan tafi gidan shayin da ke bakin tashar jirage, inda tsofaffin masunta suke zama suna kallon teku kamar ta ci musu amana. Ayyashi, tsohon direban jirgi, abokinsa tun suna yara, shi ya fara tanka masa.

"Ga sarkin gwanjo nan, ya riƙe kunci kamar amarya."

"Bar ni, Ayyashi."

"Har yanzu ba su cire ba? Me suke jira, ya nuna?"

Aka yi dariya. Lazhar ya zauna, ya gaya musu zancen jijiyoyi da tsatsa da bitamin. Muryarsa a shaƙe, sai sun sunkuyo suke ji.

"Bitamin," in ji Ayyashi. "Kakata ta haura tasa'in da haƙoranta, ba ta san bitamin ba sai man zaitun da safe. Ka sha cokali biyu ka huta."

"Kakarka ba ta shiga na'ura ba."

"Wannan gaskiya ne. Amma likitocin nan, in ka shiga hannunsu kamar kifi ne a koma, duk inda ka juya zare. Ni da nawa ya dame ni, garin Aljam na je. Akwai wani yaro mai asibitin haƙori a can, hannunsa kamar auduga. Kafin shayi ya huce ya gama."

Lazhar ya san Ayyashi ba da mugunta yake magana ba, bai dai san abin da yake faɗa ba ne. Shi kuwa ya sani, ya ji bayanin likita da kunnensa, ya gane. Amma sani daban ne, zugin haƙori daban. Kuma ba zugin kaɗai ba ne. Ya gaji da zama wanda ake yi wa. A ce masa kwanta, tashi, buɗe, haɗiye, dawo wata mai zuwa. Yana son abu ɗaya a duniya da za a fara a gama a rana ɗaya.

Ya fara ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, in Dalanda ta juya ya tofar a tukunyar shukar na'a-na'a. Jirin ya tafi. Wata safiyar Litinin ya ce mata za shi gaisuwar mutuwa a ƙauyen su Ayyashi, ya naɗe wuyansa da mayafin ulu har haɓa, ya hau motar haya zuwa Aljam.

Likitan haƙorin saurayi ne mai ladabi. Ya tambaye shi ko yana da wani ciwo, ko an taɓa kwantar da shi a asibiti, ko yana shan wani magani.

"Hawan jini kawai, shi ma ba sosai ba."

"Baba, bakin ba ya buɗuwa fiye da haka?"

"Gado ne. Duk gidanmu haka muke, shi ya sa ba mu da surutu."

Saurayin ya yi murmushi. Ya ce ko zai cire mayafin, Lazhar ya ce sanyi yake ji. Aka yi allura, aka jira, aka sa ƙarfe. Haƙorin ya yi gardama kaɗan, sannan ya fito, baƙi, ruɓaɓɓe. Saurayin ya duba ramin, ya ce abin mamaki, jinin bai zuba da yawa ba. Ya cusa auduga ya ce ya cije.

Makon da ya biyo baya, Lazhar bai yi mako mai daɗinsa ba tun kafin ciwon. Ya yi barci. Ya ci soyayyen kifi. Ya gyara ƙofar soro da ta daɗe tana kuka. Ya gaya wa Dalanda cewa ƙwayoyin sun fara aiki, zugin ya kwanta, har ta yi hamdala ta ƙara masa cokalin zuma a basisa. Wannan hamdalar ta tsaya masa a rai, amma ya haɗiye ta.

Ramin bai rufe ba. Kullum yana kai harshe ya taɓa, yana jiran ya ji nama ya tofo, sai ya ji wani abu mai kaushi kamar bakin fasasshen tulu. Daga baya wani ɗanɗano ya zo, na ƙarfe da ruɓa. Sai wani ciwo na daban, ba mai zuga ba, mai nauyi, kamar an ɗora dutse a cikin ƙashin. Ya ƙara yawan kurkure baki da ruwan gishiri. Ya daina zama kusa da mutane a gidan shayi.

Wata rana bayan la'asar Dalanda tana tsince busasshen barkono a tsakar gida, ya zo wucewa, ta ce, "Tsaya."

Ya tsaya.

"Zo nan. Sunkuyo."

"Mene ne kuma?"

"Matashin kanka nake wankewa kullum, Lazhar. Na san warin nan, na yi zama da shi a asibiti. Buɗe."

Ta riƙe haɓarsa ta juya shi wajen rana. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sake shi, ta goge hannunta a zane, ta koma ta zauna a kan kujerarta.

"Ina haƙorin?"

"A Aljam."

"Ranar gaisuwar mutuwa."

"E."

"Ƙwayoyin fa?"

Ya dubi tukunyar na'a-na'a. Ita ma ta duba.

Ya so ta yi faɗa. Ya san faɗanta, ya san inda yake farawa da inda yake ƙarewa, ya san yadda ake lallashinsa. Amma ba ta yi ba. Ta ci gaba da tsince barkonon har ta gama, ta zuba a kwalba, ta rufe.

"Gobe zan tafi Kairawan wajen Shadliya," ta ce. Shadliya yayarta ce.

"Lafiya take?"

"Lafiyarta ƙalau. Ni ce ba ni da ita."

"Dalanda, kuskure na yi. Zugin ne ya fi ƙarfina."

"Na sani. Ba fushi nake ba, da fushi ne da sauƙi. Na gaji ne. Tun ranar da aka ce akwai kumburi a wuyanka ban kwanta na yi barcin da ba kunne ɗaya a buɗe ba. Ina tsaye a kanka da faranti kamar mai gadin fursuna, kai kana shayar da na'a-na'a. To ƙashinka ne. Ni nawa ƙasusuwan ma ciwo suke, ba wanda ya tambaya."

"Kwana nawa za ki yi?"

"Ban sani ba."

Da safe ta dafa masa miya tukunya guda, ta nuna masa inda sauran maganin yake, ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "In ka ga dama ka je Susa. In ba ka ga dama ba, Aljam tana nan."

Ya je Susa shi kaɗai. Bai taɓa shiga asibitin nan ba ita a gefensa ba, sai ya ga bai san ƙofofin ba, bai san tagar da ake miƙa kati ba. Ya zauna a layi tsakanin wata tsohuwa mai bandeji a kunci da wani mutum da rabin haɓarsa ya shige ciki, yana shan madara da bututu. Lazhar bai dube shi sau biyu ba. Ba ya buƙatar wa'azi.

Dakta Ulfa ta haska bakin, ta duba ramin.

"Ina Hajiya?"

"Ta tafi ganin 'yar'uwarta."

"Wa ya cire?"

"Wanda ya cire bai sani ba. Ni na ɓoye masa."

Ta cire safar hannu ta jefa a kwando, ta murza idonta da bayan hannu.

"Ba za ki yi mini faɗa ba, Dakta?"

"In faɗa yana tofo da nama, da na yi. Kai ne na uku da ya yi haka a watan nan." Ta jawo kujera. "Ƙashin ya bayyana, gefensa ya mutu. Amma ƙarami ne, bai ci zuwa ƙasa ba. Za mu fara da maganin kashe ƙwayoyin cuta, don akwai mugunya. Sannan ka koma kan biyun nan, ƙwayar da bitamin. Zan ƙara na uku, na ƙashi ne, yana hana shi zaizayewa. Wannan da safe ake sha, ciki ba komai, da ruwa zalla, ban da madara, kuma ba a kwanciya bayan an sha."

"Ƙwayar tana sa ni jiri."

"Ka gaya mini?"

"A'a."

"Da ka faɗa da na ce ka sha a tsakiyar abinci, mu fara da kaɗan mu ƙara. Ba kai kaɗai take yi wa ba."

Ya sunkuyar da kai. Abin da ya kai shi Aljam, rabinsa magana ɗaya ce da bai yi ba.

"Har yaushe zan sha?"

"Da can watanni na ce. Yanzu ka sa a ranka shekara, ko fiye. In ya ƙi, sai tiyata."

Gidan ya yi masa faɗi. Miyar ta ƙare, ya koyi dama basisa da kansa, ta farko ta yi gudaji, ta biyu ta yi ruwa. Bai taɓa farantin mai zanen shuɗi ba. Ya jera kwalaben a kan tagar ɗakin girki, inda ba yadda za a yi ya ɗora shayi bai gan su ba. In ya dawo daga sallar asuba ya sha na ƙashin, ya zauna a miƙe kan benci a tsakar gida, yana jin garin yana farkawa, masu kura suna gangarawa tashar jirage. Can wani yaro yake kiran gwanjo yanzu, da lasifika. Sannan ya karya, ya sha sauran biyun a tsakiyar loma. Jirin ya ragu, bai tafi duka ba.

Ayyashi ya zo da kifi a leda, ya tsaya a zaure yana sosa ƙeya.

"Sun ce bakina ne ya ja maka."

"Ƙafata ce ta kai ni. Shigo."

"Uwargida fa? Ko ta gane ta yi asarar ƙuruciyarta?"

"Ta daɗe da ganewa. Yanzu ne ta sami kuɗin mota."

Suka yi dariya kaɗan. Ayyashi ya soya kifin da kansa, ya ƙona rabi, suka ci sauran.

Dalanda takan kira bayan kwana biyu ko uku. Ba ta tambayar magani. Takan tambayi ko ya shayar da tukwanen shuka, ko mai gas ya zo. Shi ma bai ce mata ta dawo ba, ko da yake kullum maganar tana bakinsa. Sau ɗaya Shadliya ta karɓi wayar ta ce, "Ƙanwata barci take yi, Si Lazhar. Tun da ta zo barci take yi kamar wadda aka yi wa asiri. Me kuka yi mata a Mahdiya?" Ya ce a gaishe ta in ta tashi.

Sai da itatuwan lemo suka fara fure ta dawo. Ta shigo da jakarta da kwalin alewar dabino, ta tsaya tana duban tsakar gida, ta shiga ɗakin girki. Ya ji ta tsaya a gaban tagar. Ta ɗaga kwalba ɗaya ta girgiza, ta ajiye.

"Ka ƙona mini tukunya," ta ce.

"Ayyashi ne."

"Ku biyun ba mai hankalin ɗaya." Ta cire mayafi ta rataye. "Ka ji, ba zan ƙara tsayawa a kanka ba. Abinci zan dafa, asibiti zan raka ka in ina da ƙarfi. Wannan tagar kuwa taka ce."

"Na ji."

Haka aka yi. Bazara ta shigo, garin ya cika da baƙi masu wankan teku, suka watse. Kowane wata sai Susa: a haska, a wanke ramin, a auna, a ce a ci gaba. Wani watan likitar ta ce ya ɗan ragu, wani watan ta ce yana nan yadda yake. Warin ya tafi. Nauyin da ke cikin ƙashin wata rana ya yi sauƙi, wata rana ya dawo. Akwai safiyoyin da Lazhar yakan tsaya gaban tagar yana kallon kwalaben, ya ji ko hannu ba ya son ɗagawa. Ba wanda yake kallonsa. Yakan daɗe a tsaye, sannan ya buɗe.

Wata safiya cikin kaka yana kurkure baki, ya ji wani abu ya motsa, ya tofar a tafin hannu. Ɗan guntun abu ne ruwan toka, mai huji-huji, bai kai ƙwayar wake ba. Ya kira Dalanda da 'yar muryar da ta rage masa.

Ta zo ta duba, ta ɗauko tabarau ta sake dubawa.

"Ƙashi ne," ta ce.

"Ya fara karyewa ke nan."

"Kada ka yi wa kanka fassara. Sa takalmi."

Ta naɗe guntun a ƙyalle mai tsabta, suka kama jirgin ƙasa na hantsi. Ba ranar ganin likita ba ce, suka yi zaman jira har bayan azahar. Dakta Ulfa ta buɗe ƙyallen, ta juya guntun da ɗan ƙarfe, sannan ta haska bakinsa. Wannan karon ta fi daɗewa.

"Mataccen ne ya fita," ta ce. "Mai rai da ke ƙarƙashinsa ne ya ture shi. Ga nama ja a wurin, yana ɗan jini in na taɓa. Jinin nan muke nema tun bara."

"To an gama?" in ji Lazhar.

"A'a. Sai dasashi ya rufe wurin gaba ɗaya, kuma ko ya rufe za ka ci gaba na wani lokaci. Tiyatar dai, ina jin mun kauce mata." Ta sake haskawa, ta karkata zuwa hagu. "Akwai wani a wannan gefen da ya fara baƙi a gindi. Bushewar baki ce take cin su. Za mu yi ƙoƙari mu cike shi, kada ya kai ga cirewa."

"Wani kuma."

"Wani kuma. Ka dawo mako mai zuwa."

Suka fito. Lazhar ya rasa abin da ya kamata ya ji. Ya ɗauka in ranar nan ta zo zai yi sujada a tsakar asibiti, ko ya sayi rago. Sai ya ji yunwa kawai, da ciwon baya na zaman benci. Suka sayi burodi mai taushi a bakin tasha, ya jiƙa nasa da ruwan gora, ya ciro ƙwayar yamma daga aljihu ya sha a tsakiyar loma. Dalanda ta ga ya sha, ta kau da kai wajen masu sayar da rumman.

Jirgin ya cika da 'yan makaranta har Munastir, daga nan ya fara raguwa. Suka sami kujera gefen taga. Gonakin zaitun suna wucewa, da filayen gishiri, da bayan gidajen mutane.

"Ka gaya wa yaran?" ta ce.

"In mun isa."

"Ka ce musu da sauƙi. Kada ka ce an warke."

"Da sauƙi zan ce."

Ta lumshe ido. Kafin tasha ta gaba kanta ya karkata ya sauka a kafaɗarsa, bakinta a ɗan buɗe, jakar tana zamewa daga cinyarta. Ya tare jakar da hannu ɗaya. Kafaɗar ta dama ce, wadda fatarta ta ƙone ta yi tauri, nauyin kan yana ja masa wuya. Bai motsa ba.

Mahdiya ce tashar ƙarshe. Jirgin ya tsaya, mutane suka sauka, aka kashe injin. Wani ma'aikaci ya shigo da tsintsiya yana bin kujeru, ya zo kansu ya tsaya.

"Baba, an iso."

"Na sani, ɗana," in ji Lazhar a hankali. "Fara sharar daga wancan taragon."

Ma'aikacin ya dubi matar, ya dubi tsohon, ya ɗauki tsintsiyarsa ya wuce gaba.